Yadda Jos Ta Adana Shaidar Dakta Na Biyu

Da yammacin Asabar 29 ga Oktoba 1966, miliyoyin mutane a Birtaniya suna zaune gaban akwatin talabijin suna kallon wani shirin BBC mai suna Doctor Who, sai dattijon da suka saba gani shekara uku ya yanke jiki ya faɗi a tsakar jirginsa. Wani farin haske ya rufe masa fuska. Da hasken ya janye, wanda ke kwance a wurin wani mutum ne daban, mai baƙin gashi, wanda bai kai na farkon shekaru ba. A nan aka rufe shirin wannan mako, aka bar yara da iyayensu suna kallon juna.

Shirin ya fara ne ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin kashe Shugaba Kennedy na Amurka. Almara ce ta kimiyya. Tauraronta wani baƙo ne daga wata duniya, ba a faɗin sunansa, Dakta kawai ake ce masa. Yana da jirgi mai ratsa sararin samaniya, mai iya komawa zamanin da ya wuce ko tsallakawa zuwa wanda bai zo ba, kuma daga waje kamar shuɗiyar rumfar wayar 'yan sandan Landan yake, amma cikinsa ya fi wajensa faɗi. Kowace Asabar ana nuna kashi ɗaya na kimanin minti 25, a hoto baƙi da fari. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Daktan yana da shekara 55: farin gashi har wuya, saurin fushi, ga kuma wani taushin zuciya irin na kakanni da ke leƙowa jefi-jefi. Yara suka ɗauke shi kakansu.

Zuwa 1966 lafiyar Hartnell ta fara gazawa. Ciwon jijiyoyin jini ya sa haddar magana tana yi masa wuya, ga aikin kusan kowane mako ne a shekara. Masu shirin, Innes Lloyd da Gerry Davis, suka tsaya tsakanin abu biyu: ko a rufe shirin, ko a nemo wani. Ba su nemo mai kama da Hartnell suka ɗora masa farin gashi don a yaudari masu kallo ba. Sai suka ce tunda Daktan ba ɗan Adam ba ne, idan jikinsa ya tsufa zai iya sabunta shi, ya tashi da wata fuska da wani hali. Suka ba Patrick Troughton aikin, ɗan wasa mai shekara 46 wanda ya daɗe yana fitowa a wasannin talabijin.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne marubutan sun san za a yi gardama, sai suka shigar da gardamar cikin labarin kansa. A kashin da ya biyo baya, ranar 5 ga Nuwamba, abokan tafiyar Daktan biyu, Ben da Polly, suka rabu. Polly ta yarda shi ne, Ben ya ce atafau wannan sojan gona ne. Zoben da tsohon Daktan ke sawa ya yi wa sabon yawa, ya suɓuce daga yatsarsa. Ya ɗauki madubi ya duba, fuskar dattijon ta bayyana a ciki na ɗan lokaci kafin tasa ta dawo. Ya tono wata sarewa daga cikin akwati ya shiga busawa, yana ambaton "Dakta" kamar yana zancen wani mutum da ba ya nan. Duk tambayar da mai kallo ke yi a ɗakinsa, Ben yana yi masa ita a cikin akwatin.

Wannan dabara ba ta hana ƙorafi ba. BBC tana da sashen da ke bin ra'ayin masu kallo, kuma rahoton da ya tattara a kan labarin farko na Troughton ya nuna da yawa ba su ji daɗi ba. Wasu sun ce an mayar musu da masanin kimiyya mai kwarjini wawan sarki. Wasu sun ce wasan nasa ya yi yawa, tufafinsa sun yi kama da na mabaraci: wando mai faɗi, kwat da ta fi ƙarfinsa, doguwar hula. Wasiƙu suka shiga mujallar Radio Times, na yabo da na suka. Amma mutane ba su kashe akwatunansu ba, kusan miliyan 8 ne suka kalli wannan labari.

Ba na ganin laifin waɗanda suka yi fushi. Hausawa sun riga sun faɗa, sabo ake yi wa kuka. Mutumin da ya shiga ɗakinka kowace Asabar shekara uku, ka san tarinsa, ka san yadda yake riƙe gaban rigarsa in zai yi magana, ba ƙaramin abu ba ne a wayi gari a ce ga wani ya gaje shi har da sunansa. Sai dai hukuncin da aka yanke a makon farko hukuncin mai jin zafin rabuwa ne. Troughton ya yi shekara uku, ya fito a kashi 119, ya sauka a 1969. A cikin wannan lokaci ya gina Dakta mai ɓoye kaifin basirarsa a bayan shirme, wanda azzalumi zai raina shi har sai ya ga ƙasa ta zame masa. Yawancin waɗanda suka zo bayansa daga wannan rijiya suka sha. Kuma da bai karɓu ba, da shirin ya mutu tun 1967, babu Dakta na uku balle na goma sha biyar.

Daga nan labarin ya ɗauki wata hanya mai ban takaici. A wancan zamani kaset ɗin ɗaukar shiri na gidan talabijin faɗinsa inci 2 ne, ga tsada, don haka idan an nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Yarjejeniyar da ke tsakanin BBC da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri. Da talabijin mai launi ta shigo, sai aka ga kamar baƙi da fari ya gama amfani. Abin da ya rage shi ne kwafin da ake juyawa a kan fim mai faɗin milimita 16 don sayar wa ƙasashen waje, su ma a shekarun 1970 aka riƙa lalata su don a sami wurin ajiya, har sai 1978 da aka tsayar da wannan ɓarna. Zamanin Troughton ne ya fi shan kashi. Kafin 2013, kashi 62 daga cikin 119 nasa babu su a ko'ina da aka sani. Labarinsa na farko, wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, ko kashi ɗaya daga cikin shidansa bai tsira ba.

Abin da ya tsira murya ce. Wasu yara masu son shirin sun riƙa kafa rikoda kusa da lasifikar talabijin suna ɗaukar sauti, wasu ma suna hana kowa motsi a falo har a gama. Da wannan sauti da 'yan hotunan da wani mai ɗaukar hoto, John Cura, ya riƙa ɗauka daga fuskar akwatin, masoya suka shekara arba'in suna auna ɗan wasan da rabin gwanintarsa a fuska da motsin jiki take. Troughton ya rasu a watan Maris 1987 a Amurka, a wajen wani taron masoya shirin, ba tare da yawancin masu tafa masa sun taɓa ganin mafi yawan aikinsa ba.

Jos ta shigo cikin wannan tarihi ne ta hanyar kasuwanci. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fara talabijin da wuri, tun 1959 a Ibadan, kuma tun tsakiyar shekarun 1960 ake sayen Doctor Who ana nunawa a ƙasar. BBC ba ta buga wa kowace ƙasa sabon kwafi. Gwangwanin fim ɗaya ne zai tashi daga wannan tasha zuwa waccan, daga Asiya zuwa Afirka, kowa ya nuna ya tura wa na gaba. Tashar ƙarshe kuwa an ce mata ta mayar da shi Landan ko ta ƙona shi.

An ƙirƙiro Jihar Binuwai da Filato a 1967, Jos ce babban birninta, Joseph Gomwalk ne gwamna. Garin ya riga ya saba da baƙi. Haƙar kuza ta tara Turawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo da mutanen Borno a kan tsaunin tun farkon ƙarni na 20, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, jirgin ƙasa ya iso, gidajen silima irin su Rex da Kwararafa suka buɗe. A 1974 jihar ta kafa gidan talabijin nata, wanda ya yi suna da cewa shi ne ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya. Sabuwar tasha tana bukatar abin cike sa'o'inta, shirye-shiryen gida ba su isa ba, sai ta sayi na waje. Cikin abin da ya iso Jos har da labarai na zamanin Troughton, shekaru bayan an gama da su a Ingila. A 1976 aka raba jihar biyu, a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe dukkan tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. A cikin wannan sauye-sauyen hannu, wasu gwangwanaye ba a mayar da su ba, ba a kuma ƙona su ba. Suka zauna a kan kanta a wani ɗakin ajiya.

Masu neman ɓatattun shirye-shiryen sun daɗe da sanin Najeriya wurin dubawa ce, domin a tsakiyar shekarun 1980 an mayar wa BBC wasu labarai na zamanin Hartnell daga nan. A farkon shekarun 1990 kuma aka samo wani cikakken labarin Troughton a Hong Kong. Bayan haka sai abin ya koma ɗigo-ɗigo, kashi ɗaya yau, a shekara biyar ko goma kafin a sake jin wani. Wasiƙa da waya ba su isa ba, sai wanda ya taka da ƙafarsa.

Wanda ya taka ɗin shi ne Philip Morris, Bature ɗan Ingila da ya yi aiki a rijiyoyin mai na tekun Najeriya, har aka taɓa yin garkuwa da shi a 2006. Bayan ya bar aikin mai ya kafa kamfanin taimaka wa gidajen talabijin tsara ɗakunan ajiyarsu, ya bi tsofaffin takardun jigilar BBC yana gano inda kowane gwangwani ya kwana na ƙarshe. Takardun suka kawo shi Jos. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, yana duba kantocin ɗakin ne idonsa ya faɗa kan wata 'yar takardar manne a jikin gwangwani, an rubuta sunan shirin a kanta. Ya sauke, ya karanta lambar labarin, ya gane abin da ke hannunsa. Fim abu ne da zafi da laima ke cinyewa, ya yi tsami ya manne ya zama shara. Waɗannan kuwa sun kusa shekara arba'in a ajiye amma suna da kyau. Duk wanda ya kwana a Jos cikin hunturu, a tsaunin da ya haura mita 1,200 daga gaɓar teku, ba zai rasa bai wa sanyin garin nasa kason na godiya ba.

Watanni aka yi ana raɗe-raɗi a tsakanin masoya, wasu na cewa an samo kashi casa'in, wasu na cewa duk ƙarya ce. Ranar 10 ga Oktoba 2013 BBC ta tara manema labarai a Landan, tare da Frazer Hines da Deborah Watling, waɗanda suka fito a matsayin abokan tafiyar Troughton suna matasa, aka bayyana gaskiyar magana. Kashi 11 aka kawo daga Jos, 9 daga ciki babu wanda ya gan su a Birtaniya tun 1968. Biyar sun cike labarin The Enemy of the World, huɗu kuma na The Web of Fear ne. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Washegari aka saka su a kasuwar intanet, mutane suka yi ta saye. Sunan Jos ya shiga jaridun duniya a wannan mako, kuma ga garin da tun 2001 ba a cika ambatonsa a waje ba sai in an yi rikici, wannan ma abin a rubuta ne.

Labari na biyun, The Web of Fear, tun da can yana da daraja a wurin masoya: dodanni masu gashi suna yawo a ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, sojoji ƙalilan sun maƙale, ana zargin akwai maci amana a cikinsu. Na farkon, The Enemy of the World, shi ne ya sauya ra'ayin mutane. Kafin Jos, kashi na uku kaɗai ake da shi, kuma shi ne mafi sanyi a cikin shidan: yawancinsa zance ne a wani lungun gida da ɗakin girki, babu dodo, babu gudu. A kan wannan kashi ɗaya aka yi shekaru ana cewa labarin ba shi da armashi. Da aka ga sauran sai magana ta canza. A farkon kashi na ɗaya jirgin Dakta ya sauka a bakin teku, Troughton ya tuɓe kwat ya rage daga shi sai dogon wandon ciki, ya ruga cikin ruwa yana tsalle kamar yaro, abokansa suna kallonsa da mamaki. Kafin a ankara wasu mutane sun buɗe masa wuta, jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke su. Dalili kuwa, Daktan ya yi kama da wani mai neman mulkin duniya, Salamander, wanda ke ciyar da mutane da hannu ɗaya yana haddasa girgizar ƙasa da ɗayan. Troughton ne ya fito a duka biyun. Ya raba gashinsa gefe, ya sauya murya da tafiya, ya zama wani mutum mai sanyin mugunta. Akwai inda yake wasan Dakta yana kwaikwayon Salamander, mai kallo yana ganin mutum biyu a fuska ɗaya, kuma a ƙarshen labarin suka tsaya gaba da gaba a cikin jirgin. Babu yadda za a ji wannan a kaset ɗin murya. Mutumin da aka kira wawan sarki a 1966, shaidar da ta fi kowace wanke shi a Jos ta kwana.

Murnar ba ta cika ba. Kashi na uku na The Web of Fear, inda wani hafsan soja mai suna Lethbridge-Stewart ya fara bayyana, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan shirin, bai iso Landan ba. Morris ya ce ya gan shi a kan kantar tare da sauran, amma kafin a kammala maganar ɗaukowa ya yi ƙafa. A 2021 sai zane mai motsi aka yi aka ɗora a kan tsohon sautin don a cike gurbin.

Abin ya zo daidai da wani sabon zagaye na tsohuwar gardamar. Wata biyu kafin sanarwar Jos, ranar 4 ga Agusta 2013, BBC ta bayyana Peter Capaldi a matsayin sabon Dakta. Shekararsa 55, daidai da Hartnell a farkonsa, sai wasu matasan masu kallo suka ce ya tsufa. Wanda Capaldi zai gada, Matt Smith, da aka ambace shi a 2009 yana da shekara 26, cewa aka yi yaro ne, wa ma ya san shi. Shi Smith ɗin ya sha faɗin cewa kallon Troughton ne ya nuna masa yadda zai riƙe aikin. Ranar 16 ga Yuli 2017 aka ce Jodie Whittaker ce za ta karɓa, mace ta farko, ƙura ta tashi har BBC ta fitar da amsa ga masu ƙorafi, tsofaffin Daktoci biyu, Peter Davison da Colin Baker, suka saɓa a bainar jama'a. Kashinta na farko a Oktoba 2018 mutum fiye da miliyan 10 suka kalla a Birtaniya. Ranar 8 ga Mayu 2022 aka ambaci Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda wanda iyayensa suka tsere da shi daga kisan ƙare dangi na 1994 ya tashi a Sikotilan, baƙar fata na farko da ya ja ragamar shirin. Da yawa sun yi murna. Wasu sun yi jimamin rabuwa irin na kullum. Wasu kuma abin da suka furta ƙiyayyar launin fata ce tsagwaronta, kuma bai kamata a haɗa ta da kukan sabo a ma'auni ɗaya ba. Mai kukan sabo yakan sauko in ya ga aiki mai kyau, wancan kuwa tun kafin a kunna kyamara ya gama yanke hukuncinsa.

A shekarar 2022 ɗin mu ma muka ɗanɗana irin tamu, kuma a nan ma akwai hannun Jos. Shirin Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020 a tashar Arewa24 da YouTube, ya shiga gidajen Hausawa daga Kano har Yamai har Jidda. Ginshiƙinsa Sumayya ce, kuma Nafisa Abdullahi, haifaffiyar Jos wadda ta fara fice da fim ɗin Sai Watarana a 2010, ita ce Sumayya. Da ta sanar da janyewarta, tana mai cewa harkokin gabanta ba su bar mata lokaci ba, aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya. Duk mai bin shirin ya tuna yadda aka kwashe makonni. A Facebook, a majalisun shayi, a shagunan ɗinki da na kitso, zancen ɗaya ne: wasu na cewa in babu Nafisa a rufe shirin kawai, wasu na cewa Washa ba baƙuwa ba ce a harkar, a bari a gani. Har da masu ɗora wa darakta laifi da masu ɗora wa jarumar, alhali ba su san abin da ya gudana tsakaninsu ba.

Nauyin da ke kan Fati Washa ya fi na Troughton. Shi an ba shi hujja a cikin labari, an ce jikin Dakta ne ya sabunta, an kuma sake masa mara ya zo da halinsa daban. Labarin soyayya da zaman gida irin namu ba shi da wannan ƙofa. Sumayya 'yar Adam ce, uwarta ɗaya, masoyanta su ne dai na jiya, don haka dole sabuwar fuska ta ɗauki tsohon tarihi, mai kallo kuma yana auna kowace ɗaga gira da ta wadda ta tafi. A ganina duk ɗan wasan da ya karɓi irin wannan aiki ya cancanci a yi masa adalcin kallo kafin a yi masa hukunci. Daga baya masu shirin suka rufe wancan babi suka buɗe sabon labari da sababbin mutane a ƙarƙashin suna ɗaya, Sadiq Sani Sadiq, shi ma ɗan Jos, ya fito a matsayin Mainasara, masu kallo kuma suka bi shi.

Ba abin mamaki ba ne a riƙa cin karo da 'yan Jos a wannan fage. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan makarantar koyon fim ta ƙasa take, haka kwalejin talabijin ta NTA. A kewayen Jos aka ɗauki Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980, inda marigayi Sadiq Daba ya zama Bitrus a bakin duk Najeriya. Sani Mu'azu, wanda matasan yau suka sani da Gwamna Bawa Maikada na Kwana Casa'in, a wannan gari ya koyi sana'arsa. Abin da ke damuna shi ne wanda zai so ya auna aikin waɗannan mutane nan da shekara arba'in, me zai samu ya kalla? Wasannin Hausa da tashoshin Jos da Kaduna da Kano da Sakkwato suka yi a shekarun 1970 da 1980, yawancinsu a bakin dattawa kawai suka rage, domin mu ma mun goge kaset mun ɗora wani a kai, wanda ba a goge ba kuma ƙura da zafi sun gama da shi. Fina-finan bidiyo na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset ɗin VHS suka fito, kuma mai neman kwafi mai kyau na da yawansu yau zai sha yawo. Na yanzu suna YouTube, a hannun kamfanin da ba namu ba, a shafin da ranar da aka rufe shi ko aka sace shi komai ya tafi. Troughton ya yi sa'a ƙasarsa ta sayar da aikinsa ga duniya, kwafi ya bazu har wani ya maƙale a Filato. 'Yan wasanmu na da ba su da wannan gata, kwafi ɗaya ne, a ɗaki ɗaya.

An fara yunƙuri, ko da yake bai kai girman ɓarnar ba. A 2016 aka gano gwangwanayen fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai, bayan an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. Didi Cheeka na cikin waɗanda suka tono shi. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, 'yan ƙasa suka sake jin Hausar 'yan wasan wancan zamani da ganin shigarsu. Ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa tana Jos a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai. A 2019 Jami'ar Jos, da haɗin gwiwar hukumar da Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ta buɗe karatun digiri na biyu a kan al'adun fim da adana shi, inda ake koya wa ɗalibai yadda ake tsabtace tsohon fim, a gyara inda ya yage, a juye shi zuwa kwamfuta. Aikin da ke gaban waɗannan ɗalibai yana cikin ɗakunan ajiyar tashoshin jihohi, da shagunan tsofaffin 'yan kasuwar kaset na Kano, da akwatunan iyalan furodusoshin da suka rasu, kuma kaset ɗin VHS da aka ɗauka a 1995 ya riga ya shiga shekarun da hotonsa ke fara zubewa.